Yadda ake mayar da tsohon ginin bakin ruwa ya zama gidan zama: takardu, izini da gyara

A garuruwan da ke bin kogin Haɗejiya, tun daga Wudil har Ringim, Taura, Miga, Auyo da Guri, da kuma ƙauyukan da ke kewaye da dam na Tiga da na Challawa, ba a rasa tsofaffin gine-gine da aka daina amfani da su. Wani tsohon siton gyaɗa ne, wani ɗakin injin ban ruwa, wani ɗakin shan magani na zamanin En'e, wani kuma shagon taki. Bango a tsaye, kwano da sauran ƙarfinsa, kuɗin da ake nema bai kai na sabon gini ba. Mai neman muhalli yakan ga kamar tagogi da ƙyaure kawai suka rage masa.

Shawararmu ita ce kada ka sayi buhun siminti ko ɗaya sai ka samu amsar tambayoyi uku a jere: filin na wane ne, ruwa ya taɓa kaiwa ina, kuma wace hukuma ce ke da ikon cewa an yarda a zauna a ciki. Yawancin asarar da ake yi a irin wannan aiki daga juya jerin take fitowa, a fara da filasta da fenti, a dawo neman takarda daga baya.

Filin da ginin ke kai

Ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wadda Gwamna ya ayyana a matsayin yankin birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye, kuma hedikwatocin ƙananan hukumomi da manyan garuruwa galibi suna cikin wannan rukuni. Sauran ƙasar karkara tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ita ke ba da haƙƙin zama na gargajiya bisa sashe na 6. Amma Gwamna yana iya ba da takardar mallaka ta jiha a ko'ina, birni ko ƙauye, don haka za ka iya tarar da sito a ƙauye mai takardar jiha tun shekaru masu yawa.

Wannan bambanci shi ke nuna maka wa zai amince da cinikin. Idan haƙƙin gargajiya ne, sashe na 21 ya ce sai da amincewar ƙaramar hukuma. Idan takardar jiha ce, sashe na 22 ya ce sai da amincewar Gwamna, ta hannun ma'aikatar ƙasa. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Takardar ciniki da mai unguwa ko bulama da dagaci suka sa wa hannu tana da amfani ƙwarai, domin su suka san tarihin wurin da iyakokinsa, kuma sakatariya za ta nemi ganinta. Sai dai ita matakin farko ce, ba ta maye gurbin amincewar hukuma.

Tsofaffin gine-ginen bakin ruwa suna da wata matsala da ba a cika samu a gidajen cikin gari ba: da yawansu ba na mutum ɗaya ba ne tun asali. Ɗakin injin ban ruwa ko gidan ma'aikata a Kadawa, Kura, Bunkure, Garun Malam ko Auyo yana iya kasancewa cikin filin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke kula da dam na Tiga da na Challawa da ayyukan noman rani na yankin. Hukuma ce ta tarayya, hedikwatarta a Kano, kuma sashe na 49 na dokar ya bar filayen gwamnatin tarayya a hannunta. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon ba ka abin da ba nasa ba, ko da ginin ya shekara talatin awaki na kwana a ciki. Haka sitocin da ke kusa da tashoshin layin dogo na Kano zuwa Nguru, kamar Ringim da Malam Madori, wasu suna kan filin hukumar jiragen ƙasa. Gine-ginen En'e kuwa sun koma hannun ƙananan hukumomi ko jiha, kuma idan za a sayar da su sai an ga shawarar majalisa a rubuce, takardar ba da wuri mai lamba, da rasit na gwamnati. Wasiƙar kansila ko ta wani jami'i shi kaɗai ba ta tsayawa idan mulki ya sauya hannu.

Idan ginin gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotun Shari'a, ka ga da idonka cewa ginin ya faɗa rabon wanda ke sayar maka. Idan ba a raba ba, kowane magaji sai ya sa hannu, har mata da waɗanda ke zaune a Legas ko Fatakwal, marayu kuma sai ta hannun kotu. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da ka saya. Ka tambayi dattawan wurin a keɓe ko ginin waƙafi ne, ko jingina aka ba da shi, ko aron fili aka yi wa wani kamfani a da. Mai sayarwa ba kullum yake faɗa ba, maƙwabta kuwa sun sani.

In akwai tsohuwar takardar jiha, ka kai lambarta ma'aikatar ƙasa a duba fayil. A Kano akwai ma'aikatar ƙasa da tsare-tsare da kuma KANGIS, ofishin adana bayanan filaye da taswirorinsu na jiha, a Jigawa ma'aikatar ƙasa tana Dutse. Abu huɗu za ka duba: sunan da ke kan fayil, ko an jinginar da takardar a banki, shekarun da aka bayar da ranar da suka fara, da bashin harajin fili. Takardar gidan zama yawanci shekara 99 ce, ta kasuwanci ba ta kai haka ba, don haka ta tsohon sito tana iya kasancewa wa'adinta ya ƙare.

Ruwa

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ginin da aka yi don ajiye buhuna ko inji ba a yi shi da tunanin yara za su kwana a ciki a watan Agusta ba. Sito ya jiƙe a kwashe kaya. Iyali kuwa ba a kwashe su cikin dare da sauƙi.

Kogin ma ba shi ne na lokacin da aka yi ginin ba. An kammala dam na Tiga a 1974, na Challawa a 1992, kuma tun daga nan tafiyar ruwa ta sauya. Yashi ya cike wasu hanyoyin, ciyawar kacala ta toshe wasu a ƙasan Haɗejiya, ruwa ya riƙa neman sabuwar mafita. Wurin da tsofaffi suka sani tudu ne yana iya zama kwari a yau. Ambaliyar 2012, 2018, 2020 da 2022 ta shafi garuruwa da dama a wannan kwari, don haka ka tambayi mutanen wurin shekara-shekara: a 2020 ruwa ya kai ina, a 2022 fa? Kada ka tsaya ga bakin mutum ɗaya. Ka tambayi masunci, ka tambayi mai gonar da ke maƙwabtaka, ka tambayi limami.

Bango ma yana ba da shaida. Ka duba ciki, musamman bayan ƙyaure da lungunan da ba a shafa wa fenti ba, za ka ga layi a miƙe, ƙasansa ya fi samansa duhu, wani lokaci da busasshiyar laka ko ɓawon dodon-koɗi a maƙale. Layin da ya tafi daidai a bango huɗu alamar ruwan da ya kwanta ne. Wanda ya tafi a karkace kamar tuddai, da farin gishiri a bakinsa, danshi ne da ke hawowa daga ƙasa, wannan ciwon dabam ne kuma yana da magani. Ka ɗauki hoton layin da awo a jikinsa.

Daga nan sai lissafi. Daɓen gidan zama ya kamata ya ɗara mafi tsayin layin ambaliya da aƙalla ƙafa biyu, wato santimita 60. Ka auna daga wannan sabon matsayi zuwa inda silin zai zauna. Idan abin da ya rage ya kai mita 2.7 zuwa 3, ana iya ɗaga daɓe a zauna. Sitoci sukan ba da wannan dama saboda tsayinsu. Idan bai kai ba, sai an cire rufi an ƙara bango, kuma a nan kuɗin ya fara kusantar na sabon gini. Idan layin ya kai ƙirjin babban mutum, ko ginin yana wajen jinga ta ɓangaren kogi, ko gaɓar kogin tana zaizayewa tana matsowa kowace shekara, mu dai ba ma ba da shawarar a mayar da shi gida, ko da wata hukuma ta yarda. Haka wanda ke ƙasan bangon dam ko kan hanyar da ruwa ke bi idan dam ya tumbatsa.

Ka duba hanyar fita. Gida yana iya zama a tudu amma hanyar zuwa titi ta nutse wata biyu, mai naƙuda ko mara lafiya sai a kwale-kwale. NIHSA, hukumar tarayya mai lura da yanayin ruwan koguna, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara da sunayen ƙananan hukumomi, kuma hukumar agajin gaggawa ta jiha tana da bayanin garuruwan da ruwa ya ci. Duka biyun suna taimakawa, amma layin bango ya fi su kusa da gaskiyar filinka.

Abin da ya fi shi ne ka bar ginin ya sha damina ɗaya kana kallo, kana bin takardu a lokacin, aiki ya fara daga Nuwamba.

Ofishin da za ka je

Tsara garuruwa aikin jiha ne, haka Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya. Shi ya sa ƙa'idar Kano da ta Jigawa ba lallai su zo ɗaya ba. A Kano, hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce ke ba da izinin gini a yankunan da aka ayyana birane. A Jigawa akwai hukumar raya birane ta jiha, Dutse kuma tana da tata hukumar. A ƙauyen da ke wajen waɗannan yankuna za ka fara daga sakatariyar ƙaramar hukuma, wurin jami'in ƙasa da sashen ayyuka, da duba-gari a kan maganar banɗaki da rijiya. Ka sa jami'in ƙasa ya faɗa maka a rubuce ko wurin yana cikin yankin birni, domin gari yana faɗaɗa, ƙauyen da ke bakin babban titi yana iya shiga ba tare da mazaunansa sun ankara ba.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda ba sabon gini ba ne babu buƙatar izini. A dokar tsara gari, sauya abin da ake yi da gini shi ma aiki ne da ake neman masa izini, ko ba a ɗora bulo ɗaya ba. Kuma izinin biyu ne, a ofis biyu. Na farko sauya manufar fili a kan takardar mallaka, daga kasuwanci ko masana'anta ko noma zuwa gidan zama, wannan na masu kula da ƙasa ne. Na biyu amincewa da zanen gyaran, wannan na masu tsara gari ne. Wanda ya samu na biyu ya bar na farko yakan gano kuskurensa ranar da zai sayar, ko zai kai takarda banki, ko ranar da gwamnati ta zo biyan diyya. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar jinga, hanya ko magudanar ban ruwa, kuma diyyar da sashe na 29 ya tanada ta ginin da amfanin da ke kan filin ce. Mai cikakkun takardu ya fi samun bakin magana a wannan rana.

Kafin ka biya mai zane, ka auna tazara. Babban titin tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane gefe. Layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 yana buƙatar mita 5.5 ta kowane gefe, mai 132 mita 15, mai 330 mita 25. Tazarar bakin kogi, bakin dam da magudanar ban ruwa kuwa hukumar da ke kula da ruwan ce za ta faɗa maka, kuma ka karɓo wasiƙarta ta rashin ƙorafi ka sa a fayil. Burtali da mashayar dabbobi da mashigin kwale-kwale ba a tare su da katanga, ko da suna cikin abin da aka nuna maka da hannu ranar ciniki. Tsohon sito yana iya zama cikin tazarar da aka hana, an ƙyale shi ne saboda ba kowa a ciki. Ranar da ka nemi izinin zama, ranar za a auna.

Idan ginin yana da tarihi, kamar tsohon masallaci, gidan hakimi ko wani yanki na ganuwa, ka tuntuɓi masarauta da hukumar tarihi da al'adu ta jiha kafin ka taɓa shi.

Duba lafiyar ginin

Ka ɗauko injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya duba ya rubuta rahoto, tare da gogaggen magini na yankin wanda ya san ƙasar wurin. A haƙa rami a jikin bango ta waje, a kusurwa biyu ko uku, har a ga ƙarshen fandisho. Za a ga zurfinsa, ko dutse ne ko kankare ko tubali zalla, da irin ƙasar da yake kai. Baƙar lakar fadama tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, ita ce ke karya bango a hankali. A mayar da ƙasar ramin a daddaɓe a ranar, kada a bar shi ruwa ya shiga.

Tsagar bango ba duka ɗaya ba ce. Siririya kamar zare a jikin filasta ba komai. Wadda ta bi bakin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko fensir yana shiga cikinta, tana nuna ƙasa na motsi. Ka shafa ɗan siminti a gicciye a kan tsagar, faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe. Idan bayan damina ya fashe, motsin bai tsaya ba, cike tsagar ɓata kuɗi ne sai an gyara fandisho. Ka saki igiya mai nauyi daga saman bango ka ga ko ya karkata ko ya yi ciki. Katakon rufi da azara a soka musu ƙusa, musamman kan da ya shige cikin bango, nan gara ke fara ci ta bar waje kamar lafiyayye.

Abin da aka ajiye a ginin a da yana da muhimmanci kamar bangon kansa. Takin zamani yana cin kankare ya sa rodi tsatsa, za ka ga daɓe yana gari, gindin bango yana zubewa. Siton da aka ajiye maganin ƙwari ko na feshi ya fi haɗari: idan aka rufe ɗakin kwana biyu aka buɗe wari ya bugi hanci, dafin ya shiga daɓe da filasta. Sai an fasa daɓen duka an kankare filasta an kwashe saman ƙasar an kai nesa da rijiya da kogi, kuma idan warin bai tafi ba kada a yi ɗakin kwana ko kicin a wurin. Ɗakin inji kuwa baƙin mai ya jiƙa ƙasarsa, sabon siminti ba ya kamawa a kai. Rufi ko silin na asbestos ba a fasa shi, ba a yanka shi, ba a huda shi, domin ƙurarsa tana jawo cutar huhu da daji bayan shekaru. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshi a sauke shi ɗaya-ɗaya bai karye ba, ma'aikata da takunkumi mai kyau, kuma kada a bai wa kowa ya rufe akurki da shi. Kashin jemage ma a yayyafa masa ruwa kafin a share.

Abin da ke cikin fayil

Za a nemi takardar neman izini, kwafin takardar mallaka da ta amincewa da ciniki, taswirar safiyo mai rajista da lambobin duwatsun iyaka, da zane iri biyu: ginin yadda yake yanzu da yadda zai koma. Na farkon ne ake yawan mantawa, kuma rashinsa yana dawo da fayil. Zanen ya nuna bangon da za a rushe da wanda za a ƙara, matsayin sabon daɓe a kan layin ambaliya, tagogi, banɗaki, sokawe, rijiya da inda ruwan sama zai bi. Sai rahoton injiniya, hotunan ginin ta fuska huɗu, wasiƙar hukumar ruwa, da shaidar biyan haraji. A yankin birni ana iya neman rahoton mai tsara gari a kan wurin da kewayensa. Mai zanen ya zama yana da rajistar ARCON, hukumar masu zanen gine-gine, da hatiminsa.

Kowane kuɗi ka biya shi ta banki a asusun gwamnati, ka karɓi rasit mai lamba. Ka rubuta lambar fayil, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafin wasiƙarka. Ranar da za su zo duba wuri ka kasance a can da kanka, da maƙwabtan iyaka da mai unguwa. Dillalin da ya ce ka fara aiki takarda na tafe ba shi za a shafa wa jan fenti ba.

Maƙwabta suna iya tsayar da aiki ko da hukuma ta yarda. Sito ba shi da taga, gida kuwa yana da ita, kuma da ka ɗaga daɓe da ƙafa biyu ko uku tagarka za ta iya leƙa tsakar gidan wani. Ka ɗaga tagogin wannan gefen sama da tsayin ido, ka juya indararo ya zuba a filinka, kada cikon da za ka yi ya tura ruwa gidan da ke ƙasa da kai. A zauna a yi wannan magana gaban mai unguwa tun zane yana kan takarda.

Gyaran kansa

Ciko ana yinsa da jar ƙasa ko burji, hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara. Wanda aka juye gaba ɗaya yana zama bayan shekara, daɓe ya dare a tsakiya. Idan bangon ƙasa ne, kada ciko ya jingina da shi kai tsaye, a ja gajeren bangon bulo mai inci 9 ta ciki a kan nasa fandishon ya riƙe cikon. A yi feshin maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, bakinta ya hau juna da santimita 15 ya kuma hau jikin bango, sannan kankare mai kaurin santimita 10. Haɗin buhu ɗaya na siminti da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa shi ne daidai. Sito mai mita 6 da 10 zai ci buhu 36 zuwa 40 a daɓe kawai. A riƙa ba shi ruwa kwana bakwai.

Bangon raba ɗaki yana cin bulo 10 a kowace murabba'in mita, wato bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 bulo 120 ne, ka ƙara kaɗan saboda karyewa. Shi ma yana buƙatar nasa fandishon, kada a ɗora shi a kan ciko. A bakin ruwa, bulon da aka buga fiye da 35 daga buhu ɗaya ba ya jure danshi.

Fasa taga a tsohon bango shi ne inda aka fi samun rushewa. A tokare rufi da bangon da ke sama tukuna, a fasa gurbin linta a zuba ta, ta yi aƙalla mako biyu, sannan a cire abin da ke ƙasanta. Linta ta zauna a kan bango santimita 22 ta kowane gefe idan bulo ne, 30 idan ƙasa ce. A bangon ƙasa kada taga ta matsi kusurwa ƙasa da mita ɗaya, kada ƙofofi da tagogi su cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon bangon, kuma a yi su ɗaya bayan ɗaya. Faɗin tagogin kowane ɗaki ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓensa, a bango biyu in da hali, da raga saboda sauro.

Kada a lulluɓe bangon ƙasa da filastar siminti ciki da waje. Danshin da ke hawowa ba zai sami mafita ba, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓalle gaba ɗaya da rabin tubali a jikinta. Yaɓe na ƙasa da makuba yana barin bango ya sha iska, sai dai a sabunta shi a kan kari. Abin da ke kare irin wannan bango shi ne rufi mai fita waje santimita 60 ko fiye, da dakali mai gangara a gindinsa wanda ke kore ruwa. Rufin kankare ko bene a kan tsohon bango kuwa sai injiniya ya lissafa ya sa hannu.

Banɗaki a bakin ruwa yana son kulawa ta musamman. Ka leƙa rijiyar da ta fi kusa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ka auna zurfin ruwanta. Gindin masai ko sokawe ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da wannan matsayi, nesa da rijiya ko burtsatse da mita 30, kuma ta gangare. Idan ruwan ƙasa yana kusa, a gina ramin sama a kan dandamali a hau da matakala. Masan da ambaliya ta shiga ta fito da abin da ke ciki ita ce hanyar amai da gudawa. Bakin rijiya ma a ɗaga shi sama da layin ambaliya a yi masa murfi. Soket da akwatin wuta da batirin sola a sa su aƙalla mita 1.2 daga daɓe.

Ka ajiye kwafin zanen da aka amince da shi a wurin aiki, kuma kada ka kauce masa. Idan ka ga dole a ƙara ɗaki ko shago, ka koma a gyara zanen a sake buga hatimi, domin abin da ba ya cikin zane gini ne ba izini. Izinin yana da wa'adi, ka karanta ranar ƙarewarsa, ka sabunta idan kuɗi ya yanke aiki ya tsaya. Idan an kammala, ka nemi su zo duba na ƙarshe su ba ka takarda, ka ɗauki hoton dukkan takardu a waya, asalin kuma ka ajiye su wurin ɗan'uwa a garin da ruwa ba ya ci.

Idan an ƙi ba ka izini, ka nemi dalilin a rubuce. Ƙarancin tagogi, matsayin banɗaki ko rashin wata takarda abubuwa ne da ake gyarawa a sake miƙawa, kuma kana iya kai ƙorafi ga shugaban hukumar ko ma'aikatar da ke samanta. Idan dalilin ambaliya ne ko tazarar kogi, ginin zai iya ci gaba da zama siton shinkafa ko albasa da rani, ko ka cire kwano da katako da ƙyamare masu kyau ka kai su fuloti a tudu. Saboda irin wannan rana ne ake rubuta sharaɗi a takardar ciniki tun farko, gaban shaidu: za a ba da kafin alƙalami yanzu, cikon kuɗi sai an samu amincewar hukuma, in ba a samu ba cikin watannin da aka ambata a mayar wa mai saye kuɗinsa.